Hanta a cikin ƙanƙara: cinikin biri a sama

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, muna zaune a ƙofar gida sai wani ƙanenmu da ke karatun aikin jinya ya miƙo wayarsa ya ce mu ga wani abu. Hantar mutum ce kwance a cikin wani mazubi na roba mai murfi, an jona mata bututu, jini yana shiga yana fita. Ba ta cikin jikin kowa, amma jawur take kamar ta mai rai. A gefe akwai wata 'yar gora da wani ruwa mai ɗan kore-kore ke ɗiga a ciki. Yaron ya ce ruwan madaciya ne, hantar ce ke yin sa a cikin na'urar, tana jiran a kai ta ga wanda za a dasa wa.

Wani dattijo da muke ganin girmansa ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya duba, ya mayar. Ya ce, "Su dai Turawa ba sa rasa hanyar cin kuɗin marar lafiya. Shekara nawa ana sa hantar nan a ƙanƙara ana dasawa, mutane suna tashi? Yanzu kuma sai an saya mata inji?"

Aka yi dariya. Na ce, "Baba, Allah ya ja kwana, a nan kam ban bi ka ba." Ban iya ƙarasa bayani a wurin ba, don an riga an koma hirar farashin taki. Amma maganar ta kwana a raina.

Ƙanin mahaifina ciwon hanta ne ajalinsa. Na ga idonsa ya koma ruwan ɗorawa, na ga cikinsa ya kumbura har riga ba ta rufe shi, na riƙe masa hannu ana zuƙe masa ruwa da allura, bayan kwana goma cikin ya sake cika. Wanda ya ga wannan ba zai iya jin an ce an zubar da hanta mai kyau ya yi shiru ba.

Ra'ayina shi ne: adana hanta da jini mai ɗumi a cikin na'ura ya fi ajiye ta a ƙanƙara, musamman hantar da ake shakkar lafiyarta. Babban dalilina kuwa, na'urar tana ba likita damar gwada hanta kafin ya sa ta a cikin mutum. Ƙanƙara ba ta ba shi wannan dama.

Abin da sanyi ke yi wa hanta

Tun da Thomas Starzl ya fara dashen hanta a Denver ta Amurka a 1963, sanyi ne abin dogaro. Ana wanke jinin da ke cikin hantar da wani ruwa na musamman, a ƙulle ta a leda, a binne ta a ƙanƙara cikin kula. Kular nan ba ta da wani bambanci na a-zo-a-gani da wadda mai sayar da zoɓo ke yawo da ita a tasha. A digiri 4, aikin ƙwayoyin hanta yana raguwa ƙwarai, amma ba ya tsayawa cak. Suna ci gaba da cin ɗan guzurin da ke cikinsu, babu iska, babu abinci, datti yana taruwa. Shi ya sa likitoci ke tsere da agogo: suna son a dasa ta kafin awa 8 zuwa 12.

Babbar ɓarnar ma ba a cikin kula take bayyana ba. Sai an ɗinke jijiyoyi, an saki jinin marar lafiya mai ɗumi ya kwararo cikin hantar da ta yi awanni babu iska. Duk wanda ya taɓa zama a kan ƙafarsa har ta sage ya san cewa zafin yana zuwa ne lokacin da jini ya dawo. Haka hanta take, sai dai nata ya fi muni: ƙwayoyi suna fashewa, dattin da ya taru yana bin jini ya nufi zuciya, wani lokaci hawan jinin marar lafiya ya faɗi warwas a kan gadon tiyata.

Hantar saurayi mai ƙoshin lafiya tana jure wannan. A nan Baba yana da gaskiya, ta jure shekara da shekaru. Amma irin wannan hantar ba ta isa kowa. Da yawa daga cikin waɗanda ake samu yanzu na tsofaffi ne, ko masu kitse, ko na waɗanda zuciyarsu ta riga ta tsaya kafin a cire, wato hantar ta yi wasu mintuna babu jini tun tana cikin gawa. Waɗannan su ne sanyi ke karyawa.

To ka sa kanka a matsayin likitan tiyata da ƙarfe biyun dare. An kira ka an ce ga hanta. Abin da ke hannunka shi ne shekarun mamacin, sakamakon gwajin jininsa, da abin da idonka da yatsunka suka gaya maka: launinta, taurinta, ko gefenta ya yi kauri. Idan ka dasa ta ƙi aiki, ka jefa mutum cikin halin da sai an samo masa wata cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba ya tafi. Idan ka ƙi ta, babu wanda zai tuhume ka. Wanne za ka zaɓa? Yawancin mutanen kirki ƙin ta za su yi. Cinikin biri a sama ne, kuma kuɗin cinikin ran mutum ne.

Tayar da injin kafin a biya

Babu mai hankalin da zai je kasuwar motoci ya biya kuɗin tsohuwar mota don fentinta ya yi masa kyau. Sai ya ce a tayar, ya kasa kunne, ya leƙa ƙasa ko mai yana zuba, ya duba hayaƙi. Abin da na'urar nan ke yi wa hanta ke nan.

Ana jona ta ta hanyoyin jininta guda biyu, a riƙa tura mata jini mai iskar oksijin a digiri 37, zafin jikin ɗan Adam, tare da abinci da magunguna. Hantar ba ta san ta bar gida ba, sai ta ci gaba da aikinta. Likita yana tsaye yana kallo. Jini yana ratsa ta cikin sauƙi ko yana tirjewa? Tana yin ruwan madaciya? Tana sarrafa sukari? Tana share laktet, wato sinadarin nan mai tsami da ke taruwa a jini idan jiki ya rasa iska? Hanta mai rai tana share shi cikin 'yan awanni. Wadda ta mutu ba ta iyawa, komai kyawunta a ido.

Mutum biyu a Jami'ar Oxford, likitan tiyata Peter Friend da injiniya Constantin Coussios, su suka ƙera ɗaya daga cikin na'urorin farko, wadda kamfanin OrganOx ke yi. A Fabrairun 2013 aka fara dasa wa mutum hantar da ta fito daga cikinta, a asibitin King's College da ke Landan. Na'urar tana iya riƙe hanta har awa 24.

Gwajin da ya sa duniya ta waiwayo ya fito a mujallar Nature a 2018. An yi dashe 220 a cibiyoyi bakwai na Turai, an raba hantocin ta hanyar ƙuri'a, wasu ƙanƙara, wasu na'ura. Alamar rauni da hanta ke zubarwa a jinin marar lafiya bayan tiyata ta ragu da rabi a ɓangaren na'ura, duk da cewa hantocin sun fi daɗewa a waje, kusan awa 12 maimakon kusan awa 8. Amma adadin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na zubarwa. A ɓangaren ƙanƙara an yar da kusan kashi 24 cikin ɗari. A ɓangaren na'ura, kusan kashi 12. Likitocin nan ɗaya ne, asibitocin ɗaya ne. Abin da ya canza kawai, sun ga hantar tana aiki da idonsu, sai tsoro ya ragu.

Hantoci 31 na Birmingham

Wannan shi ne labarin da na so in ba Baba a daren nan.

A asibitin Queen Elizabeth da ke Birmingham, likitoci suka ce a kawo musu hantocin da duk cibiyoyin dashe na Birtaniya suka duba suka ce ba sa so. Wato waɗanda an riga an yanke musu hukunci. Suka ɗora 31 a kan na'ura, suka kafa sharaɗi: duk wadda ta share laktet zuwa wani mataki cikin awa 4, ta kuma nuna sauran alamun rai, za a dasa ta. Guda 22 suka ci jarrabawa. Aka dasa wa mutum 22. Bayan kwana 90, dukkansu suna raye. An buga sakamakon a 2020.

Ka tsaya ka lissafa. Hanta bakwai cikin kowace goma da ƙwararru suka ce ba ta da amfani, ashe tana da shi. Ba don ƙwararrun ba su san aikinsu ba. Ido da yatsa ne ba su isa su gano abin da ke cikin hanta mai sanyi ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Su ma tara ɗin da suka faɗi, riba ce. Wani dare, a wani asibiti, da likita mai ƙarfin hali zai iya ɗaukar ɗaya daga cikinsu ya sa wa mutum, don marar lafiyarsa yana gab da tafiya. Na'urar ta nuna masa gawar hanta tun tana kan tebur.

Akwai kuma wani ɓangare da ba kasafai ake maganarsa ba. Kowace hanta daga cikin 31 ɗin nan, akwai iyalin da aka zaunar a ɗaki a ranar da ta fi kowace rana ɗaci a rayuwarsu, aka roƙe su, suka ce mun yarda. Uwa ce ko mata ko ɗa ya sa hannu da fatan wani zai rayu. Amana ce aka karɓa daga hannunsu. A ganina, yar da irin wannan kyauta bisa zato, alhali akwai hanyar tabbatarwa, tauye amanar ne.

"Ai ba ta ƙara wa kowa kwana ba"

Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma likitoci ne ke yin ta. Gaskiya ne, a gwajin 2018 babu wani bambanci na kirki tsakanin ɓangarorin biyu wajen yawan waɗanda suka rayu bayan dashe, ko yawan hantocin da suka ɗore. Masu gwajin da kansu suka rubuta haka.

Amma su wa aka ƙirga? Waɗanda aka yi wa dashe. Wanda ya mutu a gida yana jiran kiran waya ba ya cikin lissafin. Idan manoma biyu suka sami buhu mai kyau iri ɗaya, amma ɗaya ya bar rubu'in amfaninsa a gona, ɗayan ya kwashe kusan duka, ba za ka ce noma ɗaya suka yi ba don ka buɗe buhunansu ka ga hatsin iri ɗaya ne. Na'urar ta sa an yi amfani da hantoci masu rauni da yawa, kuma sakamakon bai lalace ba. Wannan kansa ƙarin rayuka ne, sai dai a layin jira ake ganinsa.

Gwajin Amurka ma ya ƙara haske. An yi shi da na'urar kamfanin TransMedics a kan mutum 300, aka buga a 2022. Hantar da ta yi nawar fara aiki a makon farko: kashi 18 a ɓangaren na'ura, kashi 31 a ɓangaren ƙanƙara. Mako na farkon nan shi ne na ɗakin kulawa ta musamman, na wankin ƙoda idan abu ya rikice, na iyali da ke kwana a kan benci. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da na'urorin biyu a 2021.

Dole in faɗa, kamfanin ne ya ɗauki nauyin gwajin na Amurka, kuma mutanen Oxford ɗin nan su ne suka kafa nasu kamfanin. Mai kaya ba ya kushe kayansa. Shi ya sa nake ba sakamakon Birmingham nauyi na daban, don su sun faɗi inda abin ya gaza ƙarara.

Inda ta gaza

Cikin mutum 22 ɗin nan, huɗu sun sami toshewar hanyoyin ruwan madaciya da ke cikin hanta, har sai da aka sake musu dashe. Na'urar ta iya tantance naman hanta, amma siraran hanyoyin nan sun fi wuyar sha'ani, musamman a hantar wanda zuciyarsa ta tsaya.

A nan ma akwai wata dabarar da ke gogayya da ita: a tura wa hantar ruwa mai sanyi amma mai oksijin na awa biyu kafin dashe. Wani gwaji da likitocin Groningen ta ƙasar Holan suka jagoranta, wanda ya fito a 2021, ya nuna irin wannan toshewa ta sauka daga kashi 18 zuwa kashi 6. Ta fi sauƙi, kuma idan injin ya tsaya hantar tana cikin sanyi, ba ta cikin haɗari nan take. Ita kuwa mai ɗumi, idan bututu ya lanƙwashe ko famfo ya tsaya ba a lura ba, hantar tana cin iska da sauri irin na mai rai, cikin mintuna za ta lalace. Ba na musun wannan. Sai dai sanyi, ko da oksijin, ba ya nuna maka hanta tana aikinta kamar yadda ɗumi ke nunawa. Wasu cibiyoyin yanzu haɗa su suke yi, su fara da sanyi mai iska, su ɗumama a hankali, sannan su gwada. Wannan ya kwanta mini.

Kuɗi

Tana da tsada, babu ja. Kowace hanta sai an buɗe mata sabbin bututu da mazubi da ba a maimaitawa, na dubban fam ɗin Ingila, ga ledojin jini, ga ma'aikacin da zai tsaya a kanta. Ƙanƙara kuwa kusan kyauta ce.

Amma araha ba ta ado. Lissafin da ya tsaya a farashin kula bai cika ba. Sai an haɗa da kuɗin jirgin da ya je ɗauko hantar da aka ƙarasa zubarwa, da ƙarin kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman, da watannin da mai jira ke yi yana shiga asibiti yana fita ana zuƙe masa ruwa. Ba na cewa a ɗora kowace hanta a kan inji. Hantar matashi da aka cire a asibitin da ke ƙetaren titi, ƙanƙara ta ishe ta. Wadda ake shakka, da wadda za ta yi tafiya mai nisa, su ne na'urar ta dace da su.

Akwai wata riba da ba a sa mata farashi. Da ƙanƙara, hanta ce ke yanke lokacin tiyata, ko da ƙarfe ukun dare ne, ko da likitan ya wuni a tsaye. Da na'ura, ana iya jira gari ya waye. Ni dai in za a buɗe cikin ɗan'uwana na awa takwas, na fi son hannun da ya yi barci.

A Zurich ta Suwizalan har sun wuce nan. A 2021 sun riƙe wata hanta da kowa ya ƙi na kwana uku a wata na'ura tasu, suka yi mata magani a ciki, suka dasa wa wani mai kansar hanta, kuma bayan shekara guda yana cikin ƙoshin lafiya. Mutum ɗaya ne, ba a gina hukunci a kansa. Amma ya nuna inda aka dosa: a yi jinyar hantar kanta kafin ta shiga jikin marar lafiya.

Mu ina ruwanmu?

Da Baba ya yi wannan tambayar, da ta fi ta kuɗin ƙarfi. Mutanenmu da ke zuwa Indiya ko Masar dashen hanta, galibi da ɗan'uwa suke tafiya, a yanki wani ɓangare na hantarsa a ɗaki ɗaya, a kai ɗaki na gaba. Wannan ba ta buƙatar na'ura. Kuma abin da ya fi gaggawa a gare mu ya fi wannan arha nesa ba kusa ba. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da cutar hanta nau'in B. Allurar rigakafinta tana nan a asibitocin gwamnati, ana so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, amma jarirai nawa ake haifa a gida ba a kai su ba sai ranar suna ta wuce? Duk wanda zai ba ni zaɓi tsakanin na'ura ɗaya da rigakafin jariran ƙaramar hukuma guda, rigakafin zan ɗauka ba tare da na yi shawara da kowa ba.

Sai dai waɗanda suka riga suka kamu fa? Miliyoyi ne, kuma wasunsu hantarsu za ta ƙare kamar ta ƙanin mahaifina. Ba kowa ke da ɗan'uwan da jininsu ya dace, mai lafiyar da zai ba da rabin hantarsa ba. A gidajen da cutar ta bi ta wajen uwa, sau da yawa 'yan'uwan ma duk suna ɗauke da ita. Irin waɗannan ba su da mafita sai hantar mamaci. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yi zama a Jidda a 1988 ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci a sa wa mai rai, da sharaɗin izinin mamacin ko magadansa, kuma ba da ciniki ba. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002. Ranar da za mu fara maganar hantar mamaci da gaske ba ta kai nisan da muke zato ba.

A ranar kuwa, agogon ƙanƙara zai fi takura mana fiye da Turawa. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita dubu ne a mota. Jirgi yana iya cewa ƙarfe goma ya tashi ƙarfe huɗu, hazon hunturu yana iya hana shi tashi gaba ɗaya. Kuma a al'ummar da samun iyali ɗaya da za su ce mun yarda zai zama babban al'amari, ba mu da hantar da za mu yar bisa zato. Likitocinmu matasa da ke aiki a Ingila da Amurka suna tsaye kusa da waɗannan na'urori a yau. Ina so su koyi jona bututun, su koyi karanta laktet da ruwan madaciya, tun kafin mu buƙace su.

Jiya na sake haɗuwa da Baba a hanyar masallaci. Na ba shi labarin hantoci 31 ɗin nan a gurguje, muna tafe. Bai ce na yi gaskiya ba. Ya yi shiru har muka kai bakin ƙofa, yana cire takalmi ya ce, "To su taran da suka faɗi, an gaya wa iyalansu an gwada?"